Dashen fata ga yaro mai sikila: sai an danne garkuwar jikinsa?

Wata uwa daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 yana da sikila, kuma gyambon da ke kusa da idon sawunsa ya ƙi warkewa, har likita ya ba da shawarar dashen fata. Na ji ana cewa duk wanda aka yi wa dashe sai ya riƙa shan maganin danne garkuwar jiki, abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Shin haka ne? Kuma zan iya ba shi tawa fatar?

Ma'aikacin jinya daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Daga jikinsa ake yanko fatar, galibi a cinya, saboda haka garkuwarsa ba za ta ɗauke ta baƙuwa ba, kuma ba ya bukatar wannan magani. Taki kuwa, duk da ke kika haife shi, jikinsa zai ƙi ta cikin kwana 10 zuwa 14. Abin da ya fi damuna shi ne jini, domin a kwana biyun farko fatar tana rayuwa ne da ruwan da take tsotsa daga gyambon kafin ƙananan jijiyoyin jini su haɗu da ita, alhali a sikila waɗannan jijiyoyin ne ke toshewa. Shi ya sa wasu likitoci ke yin ƙarin jini kafin fiɗa, su tabbatar gyambon ya daina ruwa, sannan a ɗage ƙafar kada ta motsa. Ko bayan fatar ta kama, gyambon sikila yakan dawo.

Ɗalibar likitanci daga Njamena:
Mama, magungunan danne garkuwa irin su ciclosporin da tacrolimus na waɗanda aka yi wa dashen ɓargo ko ƙoda daga jikin wani ne. Gaskiya ne fatar wani takan daɗe a jikin yaron da maganin sankarar jini ya raunana garkuwarsa, amma ba a raunana garkuwar mai sikila da gangan saboda gyambo, tunda saifarsa, wadda ke taimaka wa jiki yaƙar ƙwayoyin cuta, ta riga ta yi rauni, ga kuma tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a yankinmu.

Wani uba daga Ngawundere:
'Yar'uwa, ki tambayi likitan ko za a fara gwada ruwan gyambon a gano ƙwayar cutar da ke ciki, kuma a daina barbaɗa masa garin magani kafin ranar aikin.