Wa ya taɓa yi wa kyanwa mai ciwon ƙoda ƙarin ruwa a gida?

Ummu Yasir, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa yi da hannunsa ba wanda yaji labari ba. Kyanwata Luluwa shekararta 13, tun muna zaune a unguwar Sabil take tare damu, ta girmi autana ma. Kusan wata biyu kenan na lura tana shan ruwa kamar raƙumi, fitsari kuwa ba'a magana yashin bayan gidanta kullum sai na canza, ga rama ga amai da sassafe bakinta na wari. Na kaita wajen likitan dabbobi akayi gwajin jini yace ƙoda ce, kiriyatinin ɗinta (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) 3.6 wai mataki na uku kenan cikin huɗu, nauyinta ya dawo kilo 3.4. Yace ba warkewa ake ba sai dai a lallaɓa, ya canza mata abinci sannan a riƙa yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata mil 100, yau ayi gobe a huta. To kowane zuwa riyal 70 ne banda kuɗin mota, maigida yana shugul (aiki) sai dare, ita kuma da taga akwatin ɗaukarta ta shige ƙarƙashin gado sai munyi dambe. Likitan yace zai koya min in riƙa yi a gida, ni kuma ko rigakafi ake wa yarana kau da kai nake. Tambayata uku ce: wace lambar allura kuke amfani da ita, mutum ɗaya zai iya riƙeta ya kuma soka, sannan nan da wata biyu zan tafi Kano biki na sati uku, 'yata mai shekara 16 zata iya ko in barwa asibitin?

Abu Rayyan:
Allah ya bata lafiya. Shirazi ce, irin masu dogon gashin nan, ko 'yar hara (ta unguwa)? Don in Shirazi ce dama su gado ne, akwai wasu ƙuraje masu ruwa da ke fito musu a ƙoda tun haihuwa, shi yasa nake hana mutane siyan na kasuwa da ba'a san iyayensu ba.

Hajiya Misfala:
'Yata ki bar wahalar da baiwar Allah da allura. Ki zuba mata zamzam a kwanonta da madara mai ɗumi safe da yamma, in sha Allahu za kiga canji.

Ɗan Karantina:
Kyanwa da mugazzi (ƙarin ruwa) harda fayil a asibiti, saura iƙama (katin zama) da inshora hhhh. Ni da nake mutum rabona da ganin likita tun kafin korona.

Maman Sultan, Madina:
Ummu Yasir ki kwantar da hankalinki nayi wa muzuruna shekara ɗaya da wata bakwai, kuma ranar farko hannuna rawa yake har allurar ta faɗi ƙasa na ɗauko sabuwa. Hajiya ayi haƙuri zamzam ba laifi ta sha, amma madara kam a'a, tana da fosforas kuma shine abin da ƙodar ta kasa fitarwa, ga ta tana sa su zawo wanda zai ƙara busar da ita. Abin da yasa ake ƙarin ruwan, ƙodar ce ta daina riƙe ruwa, duk abin da ta sha fita yake a fitsari, shi yasa kike ganin tana sha amma jikinta a bushe.

Yadda nakeyi: ledar ruwan ƙarin, wato Ringa Laktet, nake sa wa a roba mai ruwan ɗumi kamar minti goma amma banda bakin ledar, in ɗiga a bayan hannuna inji kamar yadda ake gwada madarar jariri, kar ki kuskura ki sa a maikrowef. Sai in rataye ta a saman ƙofa da abin rataye kaya, in buɗe tiyon ruwa ya ɗan zuba iska ta fita. Shi kuma in ajiye shi cikin kwali daidai jikinsa da tawul a ciki, in kama fatar tsakanin kafaɗunsa in ɗaga ta zama kamar 'yar bukka, in soka a gindin bukkar a kwance ba a tsaye ba, wajen tsinin mai gangare yana kallon sama. Nan fatar sako sako ce wlh basa jin zafi kamar yadda muke zato, sanyin ruwan ne yafi damunsu. Ni lamba 20 nake sa wa, mil 100 bai wuce min minti biyar zuwa bakwai. Sabuwar allura kowane lokaci. Bayan an gama za kiga ƙullutu kamar lemo a wajen, wani lokacin ya gangaro hammata ko ƙafar gaba, kar ki tsorata cikin awanni jiki zai shanye. Layukan jikin leda basu da tabbas sosai, ni da sikelin rataya nake aunawa, giram 100 ya ragu mil 100 kenan. Ni kaɗai nakeyi, ina lasa masa abincin nan mai ruwa ruwa yana ci ana yi.

Ummu Yasir:
Allah ya saka da alheri Yaya, amma naki da alama kyanwar Lami ne ba cizo ba yaƙushi, tawa jiya ma sai da ta min zane a hannu. Abu Rayyan 'yar hara ce a bakin masallaci muka tsinceta.

Anti Rabi, Makka:
Ni ban so magana ba amma in nayi shiru Allah zai tambayeni. Kar kiyi. Mishmish ɗina haka akace min, sauƙi ne Hajiya kowa nayi, wani asibiti ne da bazan ambaci sunansa ba suka bani leda da allurai sukace mil 200 kullum, ko abin sauraron ƙirji basu ɗora masa ba. Kwana biyu na farko har murna nake ya fara cin abinci. Rana ta huɗu bayan isha na ganshi a tsugune ya miƙa wuya baki a buɗe cikinsa na sama da ƙasa, na ɗauka zafi ne na ƙara mukayyif (AC). Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka fita neman inda yake buɗe, ɗana na tuƙi ina riƙe dashi a cinya, da muka samu sukayi hoto sukace ruwa ne ya taru a ƙirjinsa, wai dama yana da ciwon zuciya da ba wanda ya duba. Sun zuƙe ruwan sun sa shi a akwatin oksijin, riyal 2,300 na biya a daren, kafin azahar ya tafi. Da na koma wajen na farkon wai ni ce na zuba fiye da ƙima. Da hannuna fa na rataya ledar nan kullum ina bismillah. Har yau in na wuce saidaliyya (kantin magani) naga ledar ruwa sai gabana ya faɗi.

Ummu Yasir:
Innalillahi. Anti Rabi Allah ya baki haƙuri, wlh jikina yayi sanyi.

Sista Bilki, Riyad:
Allah sarki Anti. Amma a matsayina na nas shekara 11 zan faɗi gaskiya, matsalar ba gida bane, ko a asibitin aka zuba masa mil 200 kullum da zuciya mai rauni haka zai faru. Ummu Yasir ki tambayi likitanki kai tsaye ya saurari zuciyarta? Ya auna hawan jini? In akwai shakka ayi mata hoton zuciya kafin a fara. Sannan ki koyi ƙirga numfashinta tana barci, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu, in yana wuce 30 a minti ko kika ga tana numfashi da baki to ki tsaya ki nemi likita a lokacin. Kuma in ƙullutun jiya bai baje ba kar ki ƙara wani. Allura kuma ni da nace ki nemi ƙarama lamba 25 don kar taji zafi.

Maman Sultan:
Sista duk na yarda banda lamba 25, da ita sai ki kwana a wajen, wace kyanwa ce zata zauna miki minti ashirin? Likitoci ma 18 suke sa wa don sauri, 20 ko 21 shine tsaka tsaki.

Sista Bilki:
Yaya kullum fa allura nake wa mutane.

Maman Sultan:
Mutane kika ce ai. Mutum zaki ce masa yi haƙuri saura kaɗan.

Abu Rayyan:
Ƙanina ya karanta likitan dabbobi a ABU Zariya, shi yace mage in ta kai mataki na uku ruwa kawai ɓata kuɗi ne, abinci shine magani.

Anti Rabi:
Malam ƙaninka ne likita ba kai ba, kuma bai ga kyanwar ba. Nima masu takardar ne suka kashe min nawa, don haka ni yanzu ba mai farar riga da zai faɗa min magana in ɗauka. Ko haƙuri basu bani ba fa, sai ma saƙo da suka turo min bayan sati biyu wai lokacin rigakafin Mishmish yayi.

Abu Rayyan:
Ban ce ni likita bane Hajiya. Amma abincin masu ƙoda irin Royal Canin Renal ko Hill's k/d ai ba ƙarya bane, an rage musu fosforas.

Ummu Yasir:
Abincin an riga an bata tun farko na faɗa, tana ci kaɗan kaɗan. Dan Allah ledar nawa kuke siya? Asibitin sunce leda da tiyo da allura goma riyal 120.

Maman Sultan:
Kai 120? Ni a saidaliyya nake siyan ta rabin lita bata kai riyal 15 ba, allura kwali guda na ɗari ya daɗe min.

Ummu Hanan:
Nan unguwarmu saidaliyya uku na zaga sukace basa siyarwa sai da takardar likita, ƙarshe a asibitin dabbobi na siya riyal 45 leda kaɗai. Kuma 70 ɗin da ake karɓa wajenki ma da sauƙi, mu 110 ne kowane zuwa.

Hajiya Misfala:
In dai sai anyi to a nemo mai sukarin nan da ake sa wa alhazai in rana ta bugesu, yafi sa ƙarfi.

Sista Bilki:
Hajiya don girman Allah a'a. Ruwan gulukos ba'a sa shi a ƙarƙashin fata, yana iya kumbura wajen ya ruɓe ya zama gyambo. Abin da likita ya rubuta kawai, Ringa ko ruwan gishiri 0.9. Tunda ana maganar, kar wanda ya ba kyanwa farasitamol ko ɓallin ƙwaya, guba ne a wajensu.

Ɗan Karantina:
Larabawa dai sunce bissa (kyanwa) rai bakwai gareta, Luluwa ta ci shida a ƙarƙashin gado saura ɗaya ake ta rigima akai.

Anti Rabi:
Yaro ba abin dariya bane wannan.

Ɗan Karantina:
Tuba nake Anti.

Ummu Hanan:
Ni abin da ke ƙona min rai da asibitocin nan, a waya za'a ce miki kashafi (kuɗin dubawa) 50, kina zuwa sai an ƙara buɗe fayil, an ƙara gwaji, ga harajin kashi 15 a kai, ki fito da takarda kamar kin yi siyayyar azumi. Kuma in sukaji Larabcinki da ɗan karkata sai farashin ma ya karkata.

Baffa Direba:
Ku gafarceni ni dai karatu nake ina mamaki. Mahaifina yana Kano ana masa wankin ƙoda, likita yace sau uku a sati, mu sau ɗaya muke iyawa wani satin biyu in na samu ƙarin aiki, albashina rabi can yake tafiya kuma duk wata sai ance kuɗin ya ƙaru. Nan kuma ana lissafin riyal dubu biyu akan mage.

Ummu Yasir:
Baffa Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Amma ai don in rage kuɗin ne nake tambaya, kuma shekara 13 tana gidana bazan zuba mata ido ƙishirwa ta kasheta ba, kasan hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Baffa Direba:
Waccan kullewa tayi ta hanata abinci Hajiya, ba ƙarin ruwa ta kasa yi mata ba. Ban hanaki ba, zafin da ke raina ne ya fito.

Ummu Hanan:
Baffa gaskiyarka, yayar mijina ma a Gusau haka, har gona aka siyar. Ni tambayata me yasa ciwon ƙoda yayi yawa haka a gida yanzu, kowane gida ka taɓa akwai mai shi?

Sista Bilki:
Hawan jini da ciwon suga da ba'a kula dasu, sai magungunan ciwon jiki da mutane ke sha kamar gyaɗa, ga jiƙe jiƙen da ba'a san me ke ciki ba.

Hajiya Misfala:
Kullum ku sai ku ɗora wa maganin gargajiya, iyayenmu da shi suka rayu har shekara casa'in.

Ummu Yasir:
Jama'a maganar tafiyata Kano fa, yarinyar zata iya ko a'a? Kuma ledar da aka buɗe a tallaja (firji) ake ajiyewa ko a ɗaki?

Maman Sultan:
Ɗaki mai mukayyif ni nake ajiyewa, in ruwan ya canza kala ko yayi gurɓi ki zubar.

Ummu Hanan:
Ni tallaja akace min.

Baffa Direba:
Hajiya Ummu Yasir in zaki Kano dan Allah kina da sauran kilo a kayanki? Akwai maganin Baba da nake son aikawa, bai fi rabin kilo ba.