Wa aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi karo na biyu? Ina neman shawara

Malamar Firamare
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A 2021 aka yi min aikin rage tumbi, wanda ake kira silif, a Alƙahira. Na sauka sosai, sugana ma ya daidaita. Amma ƙwannafi ya hana ni sakat. Omeprazole safe da dare, filo uku nake tarawa kafin in kwanta, duk da haka sai in farka da ruwa mai tsami a maƙogwaro, wani lokaci har ta hanci. An zura min kyamara ta baki, likita ya ce hanyar abincin ta fara salewa, mafita ita ce a mayar da aikin baifas: a yanki 'yar jaka a saman tumbin a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Ni ba rama nake nema ba yanzu, barci nake nema.

Hutun mako nawa zan nema a makaranta? Autana shekararsa biyu, ba ya yarda da kowa sai goyo, yaya zan yi da shi? Bikin ƙanwata wata biyu ne bayan ranar da aka ba ni. Sai kuma azumi. Don Allah wanda aka yi wa na biyun nake son ji, ba na farko ba.

Hajiyar Kwari
Wa alaikumus salam. Da za ki ji tawa 'yata, ki bar wuƙa haka nan. Ki jiƙa hulba ki riƙa sha da sassafe, ki bar yaji da mai. Ciki ba atamfa ba ne da za a yi ta yanka ana sake ɗinki.

Baban Khalifa
Malama nawa kika kashe a silif ɗin har da tikiti? Uwargida ce ta matsa min.

Malamar Firamare
Hajiya, na gode, amma wane irin jiƙo ne ban sha ba. Baban Khalifa, kuɗin wancan lokacin ba zai amfane ka da komai ba, dala ta yi gaba.

Ummu Sadik
Sannu 'yar'uwa. Ni an yi min irin wanda ake shirin yi miki, kuma zan faɗa miki abin da ɗan ajan ba zai faɗa ba.

Ɗan ajan ɗin, wato mutumin da ya shirya min tafiya, ya ce aiki ne na awa ɗaya, kwana biyu a gado, sai kasuwa. Ya yanki tikitin dawowa tun kafin a shiga da ni. Aikin ya ci ninkin lokacin da suka ce, wai naman ciki ya mamanne saboda tabon aikin farko, sai da suka yi ta ɓamɓarewa. Ko mako ban cika ba aka ɗora ni a jirgi, ciki a ɗaure, da takarda shafi ɗaya da Larabci wadda ba ta ce komai ba sai sunan magunguna.

Makon farko a gida lafiya lau, romo da kindirmo. A na uku amai ya fara. In na kurɓi ruwa sai in ji ya tsaya a ƙirji, bayan minti kaɗan ya dawo, har da wani farin kumfa mai yauƙi. Na kira ɗan ajan, ya ce in ƙara haƙuri jiki ne ke sabawa. Daga nan waya ta daina shiga. Muka je wani asibitin kuɗi, suka yi min ƙarin ruwa suka sallame ni, muka koma suka sake. Ƙafafuna suka fara yin kamar ba nawa ba, in na kalli mutum sai in ga biyu. Sai da Allah ya haɗa mu da wani likita da ya san aikin, yana jin makonnin da na yi ina amai ya ce a sa min bitamin B1 ta jijiya kafin komai. Aka zura kyamara, ashe bakin mahaɗar jakar tumbin da hanji ne ya tsuke, aka buɗe shi da balan-balan.

Ban gama farfaɗowa ba bayana ya riƙe, yaron kemis ya yi min allurar diclofenac, maganin ciwon jiki, ya haɗo da ƙwayoyinsa. Babu wanda ya taɓa ce min an haramta min su har abada. Bayan gida ya koma baƙi ƙirin, gyambo ya fito a kan ɗinkin, sai da aka ƙara min jini leda biyu. Sarƙata da 'yan kunne na gwal duk a nan suka tafi. Ƙwannafin kam ya tafi, ba zan yi ƙarya ba, yanzu da filo ɗaya nake kwana. Amma abin da na gani ba na fatan maƙiyina ya gani.

Hajiyar Kwari
Innalillahi. Kin ji ko? Allah ya sa kaffara ne.

Sistar Dare
Ummu Sadik sannu, Allah ya ƙara lafiya. Amma ku lura, kusan duk abin da ya same ta na rashin mai bibiya ne. Malama, ni nas ce a ɗakin masu tiyata. Gaskiya ne aikin gyara ya fi na farko haɗari, kuma ramar ba ta kai ta farko ba. Gaskiya ne kuma silif na jawo ƙwannafi, don tumbin ya zama siririn bututu mai matsi, baifas ne aka fi gyara shi da shi.

Yaron ki manta da goyonsa mako huɗu zuwa shida. Ana hana ɗaga abin da ya wuce kilo 5, ɗan shekara biyu kuwa ya haura 10. Bokitin ruwa ma haka. Ki zauna, a ɗora miki shi a gefe. Tafiya kuwa tun ranar aikin za a tashe ki, saboda gudan jini a ƙafa. In zuciya tana bugawa sama da 120 a minti, ko zazzaɓi, ko numfashi yana sama-sama, ko ciwon ciki yana ƙaruwa yana harbawa kafaɗar hagu, ba a jira gari ya waye, ɗinki na iya yoyo.

Ɗan Damagaram
Ni zoben da ake ɗaure tumbi da shi aka cire min a Tunusiya aka yi baifas. Yuro 5,000 da ɗoriya, har da masauki. Mako uku na koma shago. Sallah a kujera na yi ta yi kwanakin farko, sujada ce ke jan ɗinki. Abin da ba a gaya min ba shi ne sukari. Ranar da na fara shan fura da nono mai zaƙi, ban ajiye ludayi ba zufa ta karyo, zuciya na dukan uku-uku, jiri, sai banɗaki. Na ɗauka tafiya ce ta zo.

Baban Khalifa
Yuro 5,000? Ni a Istanbul dala 3,000 aka ce min, da otal da mota.

Ummu Sadik
Wannan kuɗin aikin farko ne Alhaji. Ni 7,500 na biya, kuma daga baya na ji asibitin bai karɓi haka ba.

Anti Mai Turare
A Indiya ƙawata 6,000 ta biya. A Legas ma ana yi, me ya sa kowa sai waje?

Gwauron Unguwa
Malama in an yi bikin ki turo min adireshi, zan wakilce ki wajen waina da farfesun kayan ciki. Taimakon juna ne.

Ɗan Damagaram
Dariya kake, amma wata biyu za ta iya zuwa biki, cokali uku zuwa huɗu ne dai. Jakar ba ta wuce girman ƙwai ba. Ruwa-ruwa mako biyu, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi irin alala da dafaffen ƙwai da kifi. Tsire da kilishi ki ba su hutu. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar rabin awa tsakani. Lemon kwalba kuwa ki yafe shi. Azumi ni lokotoro ya hana ni na shekarar farko, na rama daga baya.

Anti Mai Turare
Ƙawata wata huɗu da aiki ta yi azuminta talatin cif, ba abin da ya same ta.

Sistar Dare
Anti, mai kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan yini guda kafin ta haɗa lita ɗaya da rabi, yaushe za ta haɗa shi tsakanin magariba da asuba a zafin nan? Ta tambayi likitanta, ta tambayi malami, marar lafiya yana da rangwame.

Anti Mai Turare
Sista an taɓa yanka ki ne? Ta ce wanda aka yi wa take son ji.

Sistar Dare
Ke ma ai ƙawarki aka yanka. Ni kuwa mu ake kawo wa su da tsakar dare in an dawo da su ba takarda.

Ummu Sadik
Ku bar faɗan nan. Ni dai da na samu nas ɗin da ta san B1, da ta cece ni daga wahalar makonni. Malama ki tanadi kuɗin bitamin, shi ne ba ya ƙarewa: allurar B12, maganin ƙarin jini, kalsiyam, kuma ba a haɗa na jinin da kalsiyam, sai an raba su da awa biyu. Shayi ma yana hana na jinin shiga jiki. Wajen wata na uku gashi zai fara bin mataji, kada ki tsorata, yana dawowa. Dangin miji kuwa ki shirya musu amsa, ni har cewa aka yi cutar zamani ce ta kama ni.

Malamar Firamare
Na gode duka. To hutun fa? Tsayuwa nake yi gaban allo daga safe zuwa azahar.

Baban Khalifa
Ummu Sadik, ɗan ajan ɗin nan naki ɗan Kano ne mazaunin can? Don mu ma da muka kai mahaifiyarmu aikin gwiwa, mai yi mana tafinta shi ya karɓi kuɗi ya shiga ofis shi kaɗai, rasit ma sai hoto ya turo.

Hajiyar Kwari
Haka suke. Kai ba ka jin yare, shi da likita su yi ta magana, ya juyo ya ce maka "ya ce ba matsala". Gidan da suka kama mana ma ashe ninki biyu muka biya.

Gwauron Unguwa
Ashe sana'a na zaune ban sani ba. Wa zai koya min Larabci a wata ɗaya?

Ummu Sadik
Ba zan kama suna a nan ba, ku same ni ta gefe. Har yau rahoton aikina ban samu ba, likitan nan ya tambaye ni tsawon hanjin da aka karkatar na rasa amsa. Akwai wanda ya san yadda ake neman fayil daga asibitin waje ba ta hannun ɗan ajan ba?