Dan Allah a taya ni nemo sunan wannan abu da Hausa

Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya wata magana ke ci min rai, na ce bari in kawo ta nan ko a samu masu taya ni.

An yi taro a firamaren garinmu, nan tsakanin Gumel da Maigatari, kan dokar hana cin zarafi da Jigawa ta sa wa hannu a 2021. Baƙuwar da ta zo bayani ba ta jin Hausa sosai, sai aka ce ni malamin makaranta in tashi in yi tafinta. Komai na tafiya lafiya har ta zo kan abin da ta kira sexual harassment, nan fa na tsaya cak. Dattawa na kan tabarma suna kallon bakina, mata can ƙarshen aji, liman da mai unguwa a benci. Na ce cin zarafin mata. Wani baba ya ce toh ai mu nan ba ma dukan mata. Na ce a'a Baba ba duka ake nufi ba, lalata. Liman ya ce subhanallahi ai wannan zina ce, hukuncinta a fili yake. Na ce Allah gafarta Malam ba ta kai zina ba. Ya ce fyaɗe kenan? Na ce shi ma ba shi ba ne. Mai unguwa ya ce toh mene ne? Wallahi na fi minti biyar ina kewaye-kewaye, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk matan da ke bayan ajin nan sun gane abin da ake nufi tun kafin in buɗe baki, na gani a fuskarsu, sunan ne kawai babu.

Bari in ba ku labarin da ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Ƙanwata tana tallan awara ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, a bakin tashar garinmu inda motoci ke tsayawa. Akwai wani mutum, ya haife ta ma, kullum sai ya kira ta ya ci ta ɗari biyu, sai ya ciro dubu ya riƙe a hannu ya ce zo ki karɓa, in ta miƙa hannu sai ya kama yatsunta ya ƙi saki yana faɗa mata maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba, mutanen wajen suna dariya. Ba za ta iya tafiya ba tunda kuɗin Inna ne, ba za ta iya ihu ba tunda za a ce me ya yi miki. Wata uku ana haka. Ranar da na lura ta daina son fita na matsa mata, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi ta ce "Yaya ba komai fa, wasan banza ne yake min." Inna da ta ji abin da ta fara cewa shi ne "ke ma ki dinga kama kanki." Ban ga laifin Inna ba, kalmar da aka ba ta ce ta ja ta can. In aka ce wasa ai mutum biyu ke yin sa.

Toh ku zo mu auna kalmomin da muke da su.

Cin zarafi shi gidajen rediyo suka fi amfani da shi, kuma ba ƙarya ba ne, amma ya yi faɗi da yawa. Ɗan sanda ya mari direba cin zarafi ne, kishiya ta zagi kishiya gaban baƙi cin zarafi ne, an kori dattijo daga layin banki cin zarafi ne. Kalmar da ta ɗauki komai ba ta nuna ma ka komai, shi ya sa baban nan ya tafi kan duka.

Lalata kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro. Ku saurari yadda muke faɗin ta: ya yi lalata DA ita, sun yi lalata, yarinyar ta lalace. Kun ga ta riga ta shiga cikin laifin tun daga nahawu. Yarinyar da ta zo ta ce wane yana nema na da lalata, kafin magariba labarin ya juye ya koma wance ai an ce da wane, shi kenan an ɓata mata aure, shi kuma gogan yana nan yana shan shayinsa. Iskanci ma haka, ɗan iska hali ne na mutum kamar a ce mashayi, ana faɗa a yi tsaki a wuce, babu wanda aka cuta a cikin kalmar. Tsokana da zolaya da wasan banza ba sai na tsaya a kansu ba, su ne ma mayafin da ake lulluɓe abin da shi.

Na ga wani ɗan uwa daga Ringim ya kawo shawarar a kira abin tsangwama. Na gode Malam, na juya ta sosai, amma tsangwama akwai ƙiyayya a cikinta, kamar yadda ake tsangwamar maraya ko agola, a hantare shi a kore shi. Shi kuwa mai wannan hali da fara'a yake zuwa, da kyauta, da ƙanwata ƙanwata, bai kore ki ba, hana ki tafiya ma yake yi. Wata baiwar Allah ta ce naci. Naci ya yi laushi Hajiya, saurayi mai naci ai har yabonsa ake yi a ce mai naci shi ke samu. Keta haddi kuma ya yi nauyi ta ɗaya ɓangaren, da an ji shi sai a ɗauka aikin gama ya gama.

Yanzu ga masu cewa wannan duk shigo-shigon Turawa ne, mu addininmu ya gama komai, me za mu yi da sabuwar kalma. Na yarda addini ya gama komai, shi ya sa ma nake neman kalmar. Su kansu Turawan ba da ita aka haife su ba, sai wajen 1975 wasu mata a jami'ar Cornell ta Amurka suka zauna suka raɗa wa abin suna, kafin nan su ma kewaye-kewaye suke kamar yadda na yi a gaban liman. Larabawa ma sun ware masa tasu, taharrush suke cewa, ba su ce zina ba. Kuma ku buɗe Suratul Ahzab, aya ta 59 da kullum ake karanta wa 'yan mata a islamiyya kan lulluɓi, dalilin da Allah Ya faɗa a ciki shi ne don a gane su kada a cuce su. Cuta Ya kira abin. Aya ta 60 da ke biye da ita kashedi ce mai zafi ga munafukai da masu ciwo a zukata da masu baza jita-jita a Madina, amma sau nawa kuka ji an ɗora da ita a wa'azi? A Suratun Nur ma aya ta 30 maza aka fara cewa su runtse ido, sannan ta 31 ta zo kan mata. Mu muka juya jerin. Hadisin haƙƙin hanya ma da ke Bukhari da Muslim, masu zaman bakin hanya aka ce su runtse ido su kame cutarwa, wato dai 'yan majalisa irin tamu ta gindin darbejiya.

Ga kuma inda rashin kalmar ke yin ɓarna ta gaske. In ka kira abin zina, ka jawo maganar shaidu huɗu, wanda ya kasa kawo su kuma bulala 80 ta ƙazafi na jiransa. Wace yarinya ce za ta buɗe baki a haka? Alhali ita ba zina ta ce an yi ba, cewa ta yi an tare ta, an taɓa ta, an hana ta haƙƙinta sai ta yarda. Wannan babin ta'aziri ne, alƙali ya duba ya hukunta daidai laifi. Muddin sunan bai rabu ba babin ma ba zai rabu a kawunan mutane ba.

Wani ya tambaya wai ko maza ba a yi musu? Ana yi mana, kuma misalin da ya fi kowanne yana Suratu Yusuf. Matar Azizu ce mai gida mai iko, shi yana ƙarƙashinta, ta kulle ƙofofi, ya gudu ta yaga masa riga, da suka yi kiciɓis da mijin a bakin ƙofa ta juye maganar a kansa. Ba a nemi mutum huɗu ba, riga aka duba, ta gaba ta yage ko ta baya. Kuma duk da gaskiya ta fito shi aka kai kurkuku, don ita matar manya ce. A ƙissa ɗaya ga mai iko da ya matsa wa na ƙasa, ga ƙage, ga bincike da alama, ga hukuncin da ya bi girman gida. Saboda haka duk kalmar da za mu zaɓa dole ta iya juyawa, ya yi mata, ta yi masa, ya yi masa, don almajirai ƙanana da yaran shago ma suna gani, sun ma fi 'yan mata rashin wurin kai kuka.

Siyasa kuwa, hmm. Kun tuna farkon 2025 da Sanata Natasha ta zargi shugaban majalisar dattawa Akpabio da irin wannan abu, shi ya musanta, majalisa ta dakatar da ita wata shida a watan Maris ta ce kan saɓa ƙa'idar zaure ne. Ni ban ce ga mai gaskiya ba. Abin da na gani da idona shi ne teburin mai shayin garinmu ya rabu biyu daidai yadda akwatin zaɓe ya rabu, 'yan wannan jam'iyya na cewa sharri ne, 'yan waccan na cewa an zalunci mace, kuma cikin masu kukan an zalunci macen har da mutumin da ke riƙe yatsun ƙanwata. Da jam'iyyun za su yi musaya da bakunan ma sun yi musaya. A Amurka ma haka suka yi, waɗanda suka kare shugaban ƙasa Clinton kan irin wannan zargi a 1998 da yawansu su ne suka taso wa alƙali Kavanaugh a 2018, na ɗaya gefen ma suka juya. Lokacin da 'yan matan Arewa suka fara faɗin nasu a Twitter a 2019 ce musu aka yi yaran Abuja ne marasa kunya, amma da BBC ta fallasa malaman jami'ar Legas masu neman ɗalibansu mata a Oktoban shekarar sai muka yi ta yaɗawa muna Allah wadai, tunda na Kudu ne.

A nan ƙauye abin ya fi sauƙin gani. Ɗan acaɓa ya taɓa yarinya a kasuwa, kafin ka ce kwabo an yi masa jina-jina. Amma mai rubuta sunayen masu karɓar taki ko tallafi ya ce wa bazawara ta zo gida bayan isha a duba sunanta, wannan sai ka ji an ce a rufa asiri mutumin kirki ne, ko a ce 'yan adawa ne ke son ɓata shi. Na san wadda ta haƙura da buhun takin gaba ɗaya, ta shuka geronta haka nan. Shi bai taɓa ta ba, bai zage ta ba, in ka ce fyaɗe ka yi masa ƙarya, in ka ce ba komai ka yi mata ƙarya. Wannan tsakiyar ita nake nema wa suna.

Ga tawa shawarar: TAKURAR LALATA.

Dalilina, takura kalma ce da kowa ya sani har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, kuma a cikinta akwai matsi, akwai maimaici, akwai rashin mafita, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Ba a takura wa mutum da yardarsa, kenan rashin yarda na ciki ba sai an ƙara ba. Mai ƙarfi ke takura wa mara ƙarfi, kenan iko ma na ciki. Lalatar kuma ta koma bayanin irin takurar, ta zauna a wuyan mai yi. Ku gwada ta a baki: yana takura mata da lalata, ta takura masa da lalata, an kai shi gaban hakimi kan takurar lalata, mai takurar lalata ne kada a ba shi ajin 'yan mata. Tana shiga ko'ina ba ta yi kama da fassara ba.

Na san tana da rauni. Wani malamin Hausa daga Ɗambatta ya ce wanda ya shafa mace sau ɗaya a cunkoson mota ya wuce fa, ai ba a ce ya takura mata ba. Gaskiya ne Malam, a nan ta ɗan yi sako-sako, ko da yake wadda aka matse a kujerar baya daga Gumel har Kano ba ta da wurin matsawa ina ga ita za ta ce an takura mata. Wasu kuma sun ce kalmar lalata ta yi nauyi a faɗa gaban surukai, a ce takurar banza. Wannan kam ban yarda ba, banza ce ta kai mu inda muke. Tursasawa da wani ya kawo tana da kyau ga irin na mai rabon taki da malamin da ke riƙe sakamakon jarrabawa, ina ga a ajiye ta a matsayin mataki na sama, takurar da ta kai tursasawa.

Jiya da daddare na gwada ta a gida. Inna na tankaɗe a tsakar gida na ce Inna, mutumin tashar nan fa ba wasa yake da yarinyar nan ba, takura mata yake da lalata. Ta ajiye rariyar ta ce wane ne, ɗan gidan wa? Da safe ta sa mayafi ta tafi wajen kawu, yanzu haka maganar tana gun mai unguwa.

Ranar Asabar akwai taron iyayen yara kuma liman ya ce in zo da kalmar da na kasa kawowa rannan. Mutanen Haɗejia da Kazaure da Birnin Kudu, dan Allah ku faɗa min ko takura a bakinku tana ɗaukar abin da take ɗauka a namu, musamman iyayenmu mata da ke nan, in akwai sunan da kuke kiran abin da shi a tsakaninku wanda mu maza ba mu sani ba ku rubuto min kafin Juma'a.