Ɗana ya ƙi ganye da kayan marmari, don Allah ku ba ni shawara

Maman Isiyaka, Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku, ya sanyi ya yara. Don Allah ina da damuwa da ta daɗe tana cin raina. Ɗana shekara ukku da rabi gare shi, tun da anka yaye shi lahiya lau shike cin komi, har miyar kuka da dambun zogala shina ci, amma daga bara zuwa yanzu yaron ga ya canza kwata kwata. In ya ga kore cikin abinci ko ɗan ganye guda ne sai ya sa yatsa ya hidda shi ya aje bakin tasa, in tumati ne ko albasa haka, karoti kam ko kallonshi bai yi. Abinshi maka, wato makaroni, da mai, shinkafa fara, burodi da shayi, biskit da yawur na leda. Ayaba kaɗai yake karɓa ita ma sai ya ga dama, lemu ya tsotsa sau guda ya yar. Na lallashi, na yi faɗa, na matse shi na ɗura mishi sai ya yi amai muka kwana yana kuka ni ma ina kuka. Ga shi kashi na ba shi wahala sai ya yi kwana biyu bai yi ba, in zai yi yana nishi abin tausai. Kuma muna gida ɗaya da uwar mijina, in ya ƙi cin abinci sai ta aika a sayo mishi biskit na dala goma ta ce kar a bar mata miji da yunwa. Wallahi na rasa yadda zan yi, wadda ta taɓa shiga irin wanga hali ta taimaka min.

Maman Biba:
Wa alaikumus salam. Ayya sannu 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki ba ke kaɗai ba ce, tawa ma haka ta yi daidai wannan shekarun. Amma abu na farko don Allah ki bar ɗura, shi ke ƙara sa yaro ya tsani abin, da ya ji warin miyar ma sai ya tuna ranar da aka matse shi.

Hajiya ta Bilbis:
Ɗiyata bari in tambaye ki, shi kaɗai kike zuba ma abinci ko da yara yake ci? Don mu da munka yi renon namu ba mu san a ware ma yaro kwanonshi ana zaune ana kallon bakinshi ba. Tire guda ake zubawa yara biyar shidda su kewaye, kowa na kai hannu, wanda ya tsaya zaɓe sai ya ga tire ya ƙare. Yaro abin da ya ga ɗan uwanshi na ci da marmari shi yake so. In babu yara gidanku ki kira na maƙwabta da rana, ki yi kwaɗon zogala da ƙuli da ɗan tumati da albasa, ki aje musu ki tashi ki ba su wuri, kar ki ce mishi ci. Ranar farko ƙila ƙulin kaɗai za ya tsince, ki ƙyale shi.

Maman Isiyaka:
Hajiya shi kaɗai ne wallahi, yayarshi tana lakwal sai ƙarhe goma sha biyu da rabi take dawowa, lokacin shi ya riga ya cika cikinshi da biskit.

Hajiya ta Bilbis:
To ki jinkirta mishi har ta dawo su ci tare.

Maman Abdul:
Ki je farmasi ki sayo mishi siron cin abinci, ni shi na ba nawa cikin sati guda ya fara ci kamar me, har ƙiba ya yi.

Anti Rabi, ma'aikaciyar lafiya:
Maman Abdul ki yi haƙuri amma ban goyi bayan wannan ba. Yawancin siron nan na buɗe ciki akwai wani magani ciki mai suna siproheptadin, asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa yunwa kuma yana sa barci da kasala, ba a ba yaro sai likita ya duba ya rubuta, balle wanda ake saye kan tebur cikin rana. Kuma shi yaron nan ba yunwa ce ba ya ji ba, yana cin maka yana cin biskit, in kin ƙara masa yunwa makan zai ƙara ci ba ganye ba.

Maman Isiyaka abin da ɗanki yake yi sananne ne, daga wajen shekara 2 zuwa 6 yara da yawa suna shiga ƙin sabon abu da ƙin duk abin da ke da ɗan ɗaci, har abin da suke ci da can sai su juya masa baya. Kuma girman jiki yana rage sauri bayan shekarar farko, shi ya sa cin ma yake raguwa, uwa ta ga kamar ciwo ne. Abin da aka gani yana aiki shi ne maimaitawa ba tare da tilas ba, yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 10 har 15 kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu sau uku in ya ƙi sai mu ce ba ya so mu daina sayowa. Ki riƙa sa masa ɗan kaɗan, cokali guda, gefen abincin da yake so, ko ya taɓa ko ya shinshina ko ya lasa ya tofar duk ci gaba ne, kar ki nuna ɓacin rai ki ɗauke kawai gobe ki sake.

Hukumar lafiya ta duniya OMS a shawarar da ta fitar a 2023 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na ganye da kayan marmari a rana, babba kuma giram 400. Kar lambar ta tsorata ki, ayaba ɗaya da lemu ɗaya da ludayin miya mai ganye sosai kin kusa kaiwa, kuma ba yau za a kai ba sannu a hankali ne. Wahalar kashin nan ma daga nan take, maka da burodi da biskit babu harza cikinsu, ki yawaita ba shi ruwa, gwanda in kin samu, wake, da miyar kuka ko kuɓewa tunda su ba ya ganin ganyen da zai tsince. Shayin nan kuma ki raba shi da lokacin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, lemu ko tumati su kuma taimakawa suke.

Amma ki ɗauki karnensa na awo, wato littafin lafiyarsa, ki kai shi CSI, asibitin unguwa, a auna nauyi da damtse, a duba ko ya samu bitamin A da maganin tsutsar ciki, ana ba yara duk wata 6 har su kai shekara 5. In kin ga yana ramewa, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko ƙafa na kumbura, ko ba ya wasa, ko jini a kashi, to wannan ba zaɓen abinci ba ne kar ki jira shawararmu ki tafi asibiti.

Maman Abdul:
To Allah ya sa mu dace, ni dai ban ga illa ba amma gaskiya ya riƙa barci da yawa lokacin.

Maman 'Yan Biyu, Konni:
Ni dabarata ɓoyewa ce. Karoti da kabewa da tattasai mai daɗi in dafa su lugub in markaɗe cikin jar miya, in juye kan makan nan da suke so, ba su taɓa ganewa ba. Garin zogala busasshe ina barbaɗa rabin ƙaramin cokali cikin miyar kuka ko cikin wake, in kin sa da yawa ɗaci zai fito su gane. Ƙwai ma in zan soya ina goga karoti da albasa ƙanana ƙanana ciki. Lokacin mangwaro kuma daga watan huɗu haka ina matse shi cikin nono in sa a firigo, wannan kam har rigima suke a kai.

Maman Biba:
Ɓoyewar tana da kyau don jiki ya samu, amma ki haɗa da nunawa, in ba haka ba ya girma bai san ɗanɗanon karoti shi kaɗai ba. Ni abin da ya canza tawa kasuwa ce, na tafi da ita na ce zaɓi wanda kike so, ta nuna gurji da kankana, da muka dawo na ba ta roba da ruwa ta wanke da kanta tana ta faman dirza gurjin nan hannunta duk ya jiƙe, na yanka mata dogo dogo na ɗan barbaɗa gishiri ta zauna bakin ƙofa tana gurgura tana nuna ma kowa ita ta wanke. Yanzu ma muna da zogala ɗaya bayan ɗaki ita ke ba ta ruwa.

Zainabu:
Duk maganarku gaskiya ce amma kayan marmari tsada gare su fa, tufa guda nawa take yanzu, mai yara shida ina zai kai.

Hajiya ta Bilbis:
Zainabu wa ya ce sai tufa? Yanzu sanyi ne kayan garka sun cika kasuwa, shu, salati, karoti, tumati, ga albasarmu ta Galmi, ga lemun Agadas na shigowa, da dala ashirin kin samu abin da za ki sa ma yara. In zahi ya zo ga mangwaro, damana ga zogala da tafasa da rama da yakuwa da lalo. Garin kuka na ɗanɗano ki jiƙa ki tace ki sa sukari kaɗan, ya hi lemun kwalba nesa ba kusa ba. Magariya ma da akuri duk abin yara ne.

Anti Rabi, ma'aikaciyar lafiya:
Hakane Hajiya, sai dai a kula da shekarunsa, magariya da dabino a cire ƙwallon, gyaɗa a daka kar a ba shi guda guda, karoti ɗanye a goga ko a ɗan dafa, don irin waɗannan ne ke shaƙe yara 'yan ƙasa da shekara 5. Salati da tumati kuma a wanke da ruwa mai tsabta sosai.

Maman Isiyaka:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Amma maganar Inna fa, don ko na hana biskit ita za ta ba shi, kuma ban iya kallon idonta in ce ta bari.

Hajiya ta Bilbis:
Kar ki ce ta bari, kaka ba a hana ta ba jika abu, so ne ke sa ta. Ki sayo ayaba da lemu da dabino ki kai ɗakinta ki aje ki ce Inna ga na mijinki in ya zo ki ba shi, hannunki yake karɓa ba nawa ba. Za ki ga ita da kanta ta zauna tana ɓare mishi. Maganar biskit kahin abinci kuma ɗanta za ya gaya mata ba ke ba, shi ma ya ce likita ta ce a bari sai bayan la'asar. Kuma shi uban ya riƙa zama da yaron yana cin salatin gabanshi, ɗa namiji ubanshi yake kwaikwayo.

Maman Isiyaka:
To Hajiya in sha Allah yau da dare in babanshi ya shigo zan yi mishi maganar, gobe kuma in kai shi awo. Maman 'Yan Biyu don Allah kabewar da ɓawonta kike dahwawa ko sai an here?

Maman 'Yan Biyu, Konni:
Ki fere ki cire 'ya'yan, ki yanka ƙanana ta fi saurin nuna, kuma kar ta fi tumatin yawa don launin miyar kar ya canza ya gane.