Shin da gaske hauhawar farashi ta sauka a Janairun 2025?

Malamin firamare daga Gusau:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, sai ga shi a Janairun 2025 ta ce ta koma kashi 24.48, alhali ni ban ga kwanon masara ko kuɗin mota ya sauko a wannan tsakani ba. Yaya ya kamata mu fahimci alƙaluman nan?

Ɗalibin tattalin arziki:
Wa alaikumus salam, Malam. Raguwar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Kaya na ci gaba da tsada, saurin tashin ne kawai ake aunawa. Amma babban abin da ya faru shi ne mudun awon aka sauya. Hukumar ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta sabunta jerin kayayyakin da take bibiya, ta kuma rage nauyin abinci a lissafin daga kusan kashi 52 zuwa kashi 40. Tunda ba da mudu ɗaya aka auna watannin biyu ba, kuskure ne a jera su a ce manufar gwamnati ce ta yi aiki.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Gaskiyarka, ɗana. Haka aka yi da rashin aikin yi, wanda aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, ya dawo kashi 4.1 a farkon 2023, saboda sabon tsarin yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Rage nauyin abincin nan ne ya fi damuna, domin magidancin da abinci ke cinye mafi yawan albashinsa ba zai ga rayuwarsa a cikin wannan adadi ba. Ko Babban Bankin Najeriya bai yi gaggawa ba: a taronsa na Fabrairun 2025 ya bar kuɗin ruwa a kashi 27.5.

Ɗalibin tattalin arziki:
Hajiya, na yarda, sai dai sabuntawar ta zama dole, don yadda mutane ke kashe kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba, musamman bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Malam, in kana son abin da ya fi kusa da aljihunka, duba hauhawar farashin abinci ta wata zuwa wata, da kuma adadin jihar Zamfara, domin hukumar tana fitar da na kowace jiha.

Malamin firamare daga Gusau:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Na Zamfaran zan fara nema.