Motar lantarki ko ta fetur: abin da 'yan uwa suka ce

Jama'a, na bi muhawarar da aka yi kan wacce ta fi dacewa da arewacin Kamaru, motar lantarki ko ta fetur, har ƙarshe, ga abin da na tsinta.

1. Kuɗin tafiya: kusan kowa ya yarda lantarki ya fi sauƙi. A Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840 a gidan mai. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 ta ci sefa 6,720. Ta lantarki ba ta kai 2,000 ba idan a gida aka yi caji.

2. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, ta yi tsada lokacin da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023.

3. Gyara: babu juyen baƙin mai, babu fulogi. Amma wani ya tambaya, in batir ya lalace, wane makaniki ne a Garwa zai buɗe shi? Shiru aka yi.

4. Nan aka rabu: wuta. Masu sola sun ce ba matsala. Sauran sun ce idan ruwan Lagdo, madatsar da ke ba yankin wuta, ya ja baya da rani, firij ma hutawa yake, balle mota. Ni kaina wannan ya fi damuna, ga zafin Afrilu da ke gajiyar da batir.

5. Masu hanyar Marwa zuwa Kusiri duk sun tsaya kan fetur.