An kama ƙanena a New York, kuma su suka ɗana masa tarko

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. Ƙanena direban tasi ne a Bronx, wani yanki na birnin New York, yana da katin zama na dindindin. Wani fasinjansa ya yi watanni yana nacin ya samo masa ƙwayar kashe ciwo, wai ciwon baya ya hana shi barci, likita kuma ya ƙi rubuta masa. Yaron ya ƙi, ya ƙi, ƙarshe tausayi ya ci shi ya karɓo a wurin wani. Ashe fasinjan da 'yan sanda yake aiki. Yanzu yana tsare. Tunda su suka ja shi, ba sai a sake shi ba? Hajiyarmu ko abinci ba ta iya ci.

Wani lauya: Allah ya fitar da shi, 'yar'uwa. Dokar Amurka ta san wannan kariya ta cewa tarko aka ɗana wa mutum, amma ba da sauƙin da ake zato ba. Jami'i ya yi shigar burtu ya sayi kaya, wannan dama ce kawai aka ba mutum, ba tarko ba. Abin da kotu ke tonowa shi ne: da ma can yana da halin, ko kuwa nacinsu ne ya haifar da laifin? Labarinku ya yi kama da shari'ar Sherman ta 1958. Ɗan rahoton gwamnati ya haɗu da Sherman ɗin a wurin likitan da ke yi musu maganin jarabar ƙwaya, ya dinga roƙonsa yana kukan wahala har ya samo masa, Kotun Ƙoli kuma ta soke hukuncin. Ki binciko wace kotu ce. A ta jihar New York ƙanenki ne zai tabbatar an ja shi. A ta tarayya, in ya nuna an ja shi, gwamnati ce za ta tabbatar da ma yana da niyya. Kuma da ya ɗauko wannan kariya, za a buɗe tarihinsa kaf.

Wata mazauniyar Bronx: Ana naɗar wayar gidan yari. Ku gaisa kawai, ban da zancen shari'a. Saƙonnin da ya riƙa cewa a'a kuwa, kada wanda ya goge ko ɗaya.

Wani dattijo: 'Yata, kada ya amsa laifi don a rage masa hukunci sai ya ga lauyan shige da fice. Laifin sayar da ƙwaya yana sa a kori mai katin zama. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Padilla, dole ne lauyansa ya gaya masa haka.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Ya taɓa ce min kuɗin mai kawai ya karɓa.

Lauya: To, ko wannan za su iya kiransa riba. Lauyansa ya kamata ya ji, baki da baki.